Hatimin Japan

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hindatu! Ke Hindatu! Fito ki ga abin da 'yarki take kwana a kai!"

Ihun Gwaggo Sabuwa ne ya tsaga gidan ranar wata Alhamis bayan la'asar, a hawa na biyu na wani tsohon bene da ke unguwar Ulaisha a birnin Riyad. Hajiya Hindatu ta saki ludayi cikin tukunya ta fito a guje. Ta tarar da yayar mijin nata tsaye a tsakiyar ɗakin Khalida, rigar matashi a hannun hagu, hannun dama kuma ta miƙar da shi can nesa da jikinta kamar wadda ta kamo kunama.

Wata uku ke nan da zuwan Gwaggo daga Kano ganin likitan gwiwa. Gwiwa dai ta warke tuni, bakin ne ba likitan da ya isa ya taɓa shi. Babu lungun gidan da ba ta zura kai ba, yau kuma ƙaddara ta kai ta gadon Khalida da sunan canza zanin gado.

'Yar takarda ce ta zaro daga rigar matashin, an ninke ta ƙanana-ƙanana an ɗaure da jan zare, sai ƙamshin turare take. Gwaggo ta yi bisimilla sau uku ta warware. An ja layuka a tsaye, an ja a kwance, takardar ta zama gida-gida, kowane gida da wata alama a cikinsa: wata kamar gizo-gizo, wata kamar tsani, wata kamar mutum an rataye shi. Ba Larabci ba, ba boko ba. Da baƙar tawada irin ta allo aka yi rubutun. Da ta juya bayanta kuwa, ga shi nan ɓaro-ɓaro da Larabci: Khalida bint Hindatu.

Hajiya Hindatu ta nemi bakin gado ta zauna. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hatimi in ya gan shi, ya kuma san ba a jingina mutum ga sunan uwarsa a takarda sai in aiki za a yi masa.

"Yaya... wa zai yi wa Khalida haka?"

"Tambayata ma kike yi?"

Daidai lokacin Khalida ta turo ƙofa, dawowarta ke nan daga jami'a, tana kiciniyar cire abaya. Shekararta ashirin da ɗaya, a Riyad aka haife ta, Hausarta ba ta tafiya sai ta dafa Larabci da Turanci. Tana hango takardar ta yar da jaka.

"Wayyo Gwaggo, please a hankali, kar ki yaga! Gift ne fa!"

"Gif ɗin gidanku! Wa ya ba ki?"

"Tamimu ne... Rubutun Japan ne kawai, wallahi. Daga littafina ya kwafo."

"Tamimu!" Gwaggo ta daki ƙirji. "Ban faɗa ba? Ban ce ɗan malamin zaure sai an bincika ba?"

Ga yadda abin yake. Tun Khalida na sakandare ta kamu da son wasu littattafan soyayya da barkwanci na ƙasar Japan, jere guda, mai suna Hargitsin Gidan Takarabe. Labarin wasu hamshaƙan attajirai ne masu jiragen ruwa: tsohuwar kaka mai juya gida da sandarta, 'ya'ya maza uku da ba wanda ya iya ɗaura igiyar takalminsa, da jikarta mace wadda duk 'ya'yan manya ke layi a kanta, ita kuwa ta nace sai matalaucin saurayin da ke zuwa gyaran agogon bangon gidan. Har ɓata agogunan take da gangan don a kira shi. Khalida ta karanta littafi goma sha ɗaya da Turanci, tana dariya har da faɗowa daga gado. Na sha biyu, na ƙarshe, shi ne masu fassara suka yi watsi da shi. Shekara uku tana jira ta ji ko an ba mai gyaran agogo yarinyar.

Tamimu kuwa ɗalibin shari'a ne, jami'a ce ta ɗauko shi daga Gumel da tallafin karatu, saura masa wata huɗu ya kammala digiri na biyu. Mahaddaci ne, mai kyan rubutu tun a allon mahaifinsa. Manya sun riga sun shiga maganarsu da Khalida, sa rana kawai ya rage. Da ya gaji da jin "littafi na sha biyu, littafi na sha biyu" a bakinta, sai ya yi odarsa a asalin harshensa, ya aiko mata ta hannun yayarsa Rekiya, wadda ke aikin jinya a wani asibiti. Takardar nan a bayan ƙunshin littafin ya saƙala ta.

Duk wannan Khalida ta zayyane shi tana haɗa kalmomi, amma wa ke saurare?

"Hindatu, ki tuna," in ji Gwaggo. "Ba yarinyar nan ce ta ce ita har abada ba za ta auri ɗalibi mai kwana a hostal ba? Wata nawa aka yi ta juye? Ciwon kan nan da take fama da shi fa? Ramar nan fa? Dubi wuyanta kamar na zalɓe!"

"Exams ne Gwaggo!"

"Rufe min baki! Wanda aka yi wa ai ba ya sani."

Khalida ta juya ga kantar littattafanta. "To ga littafin nan, a buɗe a gwada, za ku ga iri ɗaya ne..."

Ai kamar ta nuna wa kura hanya. Gwaggo ta ɗauko na sha biyun, ta ga shafi bayan shafi na irin alamomin nan, ta ƙwalla salati. Kafin kowa ya ankara ta kwashe duka sha biyun a zaninta, ta nufi banɗaki, ta cika baho da ruwa, ta zuba gishiri da garin magarya, ta dulmiya su, ta hau cuɗawa da muciya tana tofi. Khalida na ta ihu, uwarta na riƙe da ita. Kafin magariba, gidan Takarabe da jiragensu da agogunansu sun zama kunu.

Wai an karya asiri ke nan. Shaida ɗaya tilo da za ta wanke bawan Allah, an dama ta da muciya!

Takardar kaɗai ta tsira, don Shakir, wan Khalida, ya shigo ya fizge ta. Shi ma haihuwar Riyad ne, ga zafin kai, Hausarsa kamar aro aka ba shi.

"La la la, Gwaggo, wannan ba a jiƙa shi. Wannan dalil ne, shaida. Hukuma za ta so ta gani."

Kowa ya san a ƙasar nan zargin sihiri ba maganar tsakar gida ba ce. Ana kama mutum a kansa, kotu na zama a kansa. Baƙo kuwa, mafi sauƙin abin da zai same shi shi ne ɗauri da kora. Mafi munin, ba mai son furta shi da baki.

"Yaya Shakir, ka ji tsoron Allah!" Khalida ta durƙusa ta kama ƙafarsa. "Ka sa a wayarka ta fassara mana! Ai tana fassara hoto!"

"Ɗayyib. Mu gani."

Ya ɗauki hoton takardar. Wayar ta yi ta juyi, don rubutun hannu ne, kuma a gida-gida. Can ta tofo 'yan kalmomi a warwatse. Shakir ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, muryarsa na sauka:

"Faɗuwa... Birkicewa... A aiko mana... Za mu musanya... An hana."

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo ta zube a ƙasa. "Kun ji ko? A kayar da ita, a birkita ta, a aika musu, su musanya ta! Su wa ke musanya mutum in ba mutanen ɓoye ba?"

Ita kanta Khalida sai da tsigar jikinta ta tashi. Ba abin da ta zata ke nan ba.

Maigidan, Injiniya Abdulmuttalib, ya dawo daga aiki ya tarar da gidansa kamar gidan makoki. Mutum ne mai sanyin magana, shekara ashirin da takwas yana kula da injuna a wata masana'antar robobi a Birnin Masana'antu na Biyu. Ya saurari kowa, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Ba wanda zai kira kowa sai na ji ta bakin yaron. Khalida, ba ni wayarki. Ba ke ba shi sai na ce."

Washegari bayan sallar Juma'a Tamimu ya zo. Ya shigo falon baƙi da fara'arsa, farar jallabiya a goge, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Ganin fuskar Shakir ya sa murmushin ya daskare. Injiniya ya shimfiɗa takardar a kan darduma.

"Rubutunka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Me ya sa ka yi shi gida-gida?"

"Haka na ga masu koyon rubutunsu suna yi a intanet, Baba. Kowane harafi da gidansa, don kar ya karkace."

"Tawadar fa?"

"Biro ba ya fitar da kaurin layin. Sai na fere alƙalamin kara, na yi da tawadar da nake rubutun allo."

"Sunan uwarta fa?" Gwaggo ce ta jefo daga bayan labule. "Tambaye shi sunan uwarta!"

Sai a lokacin Tamimu ya sake duban takardar, ya dube ta da idon Bahaushe, ba da idon mai soyayya ba. Gidajen, tawadar, jan zaren, turaren, sunan. Gumi ya keto masa duk da sanyin na'ura.

"Subhanallahi... Baba, wallahi ba haka ba ne! Khalida biyu ne a wajen karatun mata da Yaya Rekiya ke zuwa. Ita ta ce in rubuta ta Hajiya Hindatu don kar ta manta ta ba waccan. Wallahi tallahi..."

"Bar rantsuwa," in ji Injiniya. "Tambaya ɗaya ta rage. Me ka rubuta?"

"Ƙarshen littafin ne. Na buɗe shafin ƙarshe, na kwafo layukan da ke ƙasa. Na ce ko ba ta iya karantawa, ta riƙe ƙarshen labarin da rubutun hannuna."

"Ban ce daga ina ka kwafo ba. Me yake cewa?"

Tamimu ya sunkuyar da kai.

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ka sani ba." Injiniya ya maimaita a hankali, abin da ya fi tsawa ciwo. "Kai ɗalibin shari'a, mahaddacin Alƙur'ani, ka zauna ka zana abin da ba ka san ma'anarsa ba, ka turara, ka ɗaure, ka aiko wa 'yata ta sa a ƙarƙashin kanta. In kalmar kafirci ce fa? In addu'ar wani gunki ce?"

"Khalas ya Abba!" Shakir ya miƙe da waya a hannu. "Ya amsa da bakinsa. Kira ɗaya ne, su zo su tafi da shi, can ya yi musu bayani. Shi da Rekiyar da ta kawo!"

Jin sunan yayarsa ya sa Tamimu ya ɗago a firgice. Rekiya ce ke riƙe da marayunta uku a Gumel da aikin nan. Iƙamarta, wato takardar zamanta a ƙasar, a hannun asibitin take, tasa kuma a hannun jami'a. Ko ba a kama su da laifi ba, sunansu kawai ya shiga irin wannan fayil, shi ke nan.

"Shakir, ni ka kai ni. Don girman Allah ka cire Yaya Rekiya. Ba ta ma buɗe ƙunshin ba."

"Abba!" Muryar Khalida ce daga bayan ƙofa. "Abba ka bar ni in yi masa tambaya ɗaya, a gabanka."

Injiniya bai ce a'a ba.

"Tamimu... tsakaninka da Allah, akwai abin da ka yi mini?"

"Khalida, abin da na yi miki ɗaya ne, kuma a kan sallaya na yi shi: na roƙi Allah ya ba ni ke in alheri ce. Ban da wannan, Allah ya sani ban san komai ba."

Aka ji kukanta ya yi nisa cikin gida.

Injiniya ya ajiye carbinsa ya dubi ɗansa. "Shakir, ajiye wayar nan. Akwai wani Bajapane da kamfanin da ya sayar mana da injuna ya turo, Mista Tanabe. Jibi Lahadi zai shigo aiki. Da ni da kai da Tamimu za mu je, ya karanta a gabanmu. In maganar littafi ce, shi ke nan. In kuwa abin da wayar nan ta faɗa ne..." Ya dubi Tamimu. "Ni da kaina zan kai ka. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Ranar Asabar ta zo da nauyi kamar an ɗora wa gidan dutse. Gwaggo ta kunna karatu a kowane ɗaki, ta bi Khalida da kofin ruwan magarya, ta sha ta shafa. Hajiya Hindatu ko girki ta kasa, da ta dubi 'yarta sai hawaye. Khalida ba ta yi musu ba, ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Aka ce sha, ta sha.

Da hantsi Rekiya ta zo, idanunta jajur. Gwaggo ta ƙi amsa gaisuwarta. A kicin ta samu Khalida, ta ja ta gefe tana raɗa.

"Abokansa sun taru a kansa tun jiya. Sun ce ya nemi bizar fita yau-yau, ya ce mahaifinsa ba lafiya, ya bar ƙasar kafin gobe. Digiri dai ya tafi, amma ransa ya tsira."

Khalida ta matso kusa. "Ya yarda?"

"Ya ƙi! Wai in ya gudu ya tabbatar musu ke nan, kuma ke za ki rayu kina zaton da asiri ya same ki. Ni kam na rasa yadda zan yi da shi. Ga waya, ki ce masa ya tafi, ke kaɗai zai ji."

Khalida ta dubi wayar. Hannunta har ya miƙa, ta janye shi ta ɓoye a bayanta.

"Anti Rekiya, Abba ya ce ba ni ba shi sai ya ce. In na karɓa, gobe ko gaskiya ta fito, na riga na ci amanarsa." Ta share ido da gefen gyale. "Kuma Anti... tsoro nake ji. Ba na hukuma kaɗai ba. Tun jiya nake tambayar kaina, in Gwaggo ce mai gaskiya fa? In son nan da nake ji ba nawa ba ne, zuba mini aka yi? Da me zan gane?"

Rekiya ta jawo ta jikinta. Suka rungume juna suna kuka ƙasa-ƙasa don kar a ji.

Ranar Lahadi da ƙarfe bakwai na safe suka kama hanyar kudu a motar Injiniya. Shakir ke tuƙi, Tamimu a baya da 'yar jaka a cinya. Injiniya ya waiwayo.

"Jakar mece ce?"

"Kaya kala biyu ne da Alƙur'anina, Baba. Ko da ba zan koma hostal ba."

Duk motar 'yan sanda da suka wuce, sai Tamimu ya ƙara rungume jakarsa.

Mista Tanabe ɗan tsamurmurin dattijo ne mai furfura, da hular kwano da tabarau a rataye a wuya. Suka same shi a wani ƙaramin ofis mai gilashi, ƙarar injuna na shigowa. Injiniya ya yi masa bayani a taƙaice da Turanci, sannan ya kira gida ya buɗe muryar wayar ya ajiye a tebur.

"Hindatu, ki tara su. Yaya Sabuwa ta matso kusa, don kar gobe a ce an haɗa baki."

Mista Tanabe ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya sa tabarau. Ya ɗora yatsa a gidan farko na dama, ya gangaro ƙasa, ya koma sama, ya sake gangarowa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya kai ƙarshe, ya sake farawa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wa ya rubuta wannan?"

Tamimu ya ɗaga hannu.

"Kuma... mace ka ba wa? Wadda za ka aura?"

"Eh."

Dattijon ya rufe bakinsa da tafin hannu. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Shakir ya zabura, a zatonsa abin ya kama mutumin ne. A waya aka ji Gwaggo na cewa, "Me ya faru? Ya faɗi ko? Ku yi masa tofi!"

Ashe dariya ce. Dariya yake har da hawaye, yana sunkuyawa yana ba da haƙuri, yana sake fashewa. Da ƙyar ya saita kansa ya fara fassarawa da Turanci, Injiniya na juyawa da Hausa layi-layi, shi ma muryarsa na canzawa tun daga layi na biyu:

"Yana cewa... Duk wanda ya sayi wannan littafi ya tarar wani shafi ya faɗi, ko shafuka sun birkice... ya aiko mana da shi ofishinmu... za mu musanya masa da wani, kuɗin aikowa a wuyanmu." Injiniya ya ɗago ya dubi Tamimu. "An hana kwafar wani sashe na wannan littafi ba tare da izini ba."

Shakir ya matso ya leƙa takardar.

"Shi ke nan?" in ji Shakir.

"Shi ke nan," in ji Mista Tanabe. Ya ce sanarwar maɗaba'a ce, kowane littafi a ƙasarsu da ita yake ƙarewa, labarin kuwa tun shafuka uku baya ya ƙare. Ya ƙara da cewa rabonsa da ganin hannu mai kyau haka tun na kakansa, ko ɗigo ɗaya yaron bai kuskure ba.

Tamimu ya zube a wurin ya kai goshinsa ƙasa, kan simintin ofis mai ƙurar roba, yana kuka kamar ƙaramin yaro. A waya kuwa gidan ya kaure: Hajiya Hindatu na hamdala, Khalida na kuka da dariya a haɗe, Gwaggo na cewa, "To ni ina na sani? Ni na taɓa zuwa Japan? Su ma dai, a rasa yadda za a yi rubutu sai kamar na bokaye!"

"Abba! Abba!" Khalida ta ƙwalo. "Please tambaye shi, a ƙarshe an ba mai gyaran agogon?"

"Ke tafi can!" in ji Injiniya. "Mutum ya kusa kwana a ɗaure, ke kina ta mai agogo!"

Shakir ya tsuguna ya ɗago Tamimu. Hausar ma ta gudu masa. "Samihni ya akhi... ka yafe. Da na kira..." Shi kansa ya san inda kiran nan zai kai, kuma ya san ba a janye shi.

A hanyar dawowa Injiniya ya sa aka tsaya a gefen titi. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci Tamimu.

"Laifinka bai goge ba. Mai ilimi ba ya sa hannunsa a abin da bai sani ba, ko da don soyayya ne. Yau sanarwar maɗaba'a ce, gobe ba ka san mece ce ba."

"Na tuba, Baba."

"Amma an ce maka ka gudu, ka ƙi. Ka haɗa jakarka ka biyo ni, alhali ba ka san abin da za a karanta ba. Ita ma an miƙa mata waya ta ƙi karɓa, uwarta na bakin ƙofa tana ji. Wannan ya ishe ni. Ka kira mutanen Gumel su zo a sa rana." Ya zaro takardar ya miƙa masa. "Sai dai ka karanta abin da ka rubuta da hannunka. Masu maɗaba'ar nan su ne ke karɓar kayansu in an ga aibi. Ni 'yata ba shafin da ya faɗi, ba wanda ya birkice. In ka ɗauka, ba a maidowa, ba a musanyawa."

Wata biyar bayan nan, da digirinsa a hannu, aka ɗaura aure. Gwaggo Sabuwa ce a gaba wajen guɗa, kuma da bakinta ta nemi gafarar Rekiya a gaban mata, abin da ba a taɓa jin ta yi wa wani mahaluki ba.

To jama'a, ido ba alƙali ba ne. Abu ya yi kama da abu ba shi ya sa ya zama shi ba, kuma da yawan mutanen da aka hallaka, da "ai na gani da idona" aka hallaka su. Kwana uku kacal wani uba ya daure ya bincika, ya tsirar da mutum biyu da aure guda. Ku kuma samari da 'yan mata, in tsoro ya taso, gudu da ɓoye-ɓoye ba sa wanke kowa. Mai gaskiya ya tsaya inda iyaye suka ce ya tsaya, ko da yana jin tsoro, Allah ba ya barin sa a wurin shi kaɗai.